Iyayenmu da Wasannin Makaranta: Bashin da Ba Mu Biya Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a wurin taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a Daura.



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama, alhali ga yayyena nan zaune waɗanda suka fi ni sani, suka kuma fi ni iya magana. Abin da kwamiti ya nemi in yi magana a kai shi ne koma-bayan wasanni a makarantarmu da yadda za a farfaɗo da su. Na roƙi arziki a bar ni in ɗan karkata, domin a ganina ba za mu gane dalilin da ya sa wasanni suka kwanta ba sai mun fara tambayar kanmu: su wane ne suka riƙe su a lokacin da suke tsaye?

Duk wanda ya shiga ofishin shugaban makaranta zai ga kofuna jere a kan kabad. A jikin kowane kofi akwai sunan gasa da shekara. A bango kuma akwai hotuna: ga 'yan wasa a durƙushe a gaba, ga malamin wasanni da usur a wuya, ga shugaban makaranta a tsakiya da babbar riga. Idan ranar ba da kyaututtuka ta zo, akan gode wa ma'aikatar ilimi, a gode wa ofishin shiyya, a gode wa babban baƙo. Duk sun cancanta. Amma a iya zamana a makarantar nan, da tarurrukan da na halarta bayan na fita, ban taɓa jin an miƙe an ce a tafa wa iyayen 'yan wasa ba. Ga shi kuwa Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici.

Jama'a, bari mu yi lissafi irin na gaskiya. Zangon farko na shekarar karatu yana farawa ne cikin watan Satumba, ya ƙare a Disamba. A ƙasar Daura wannan shi ne lokacin kaka. Ana girbin gero, ana ɗaure damma, ana cirar gyaɗa, ana roron wake, daga baya dawa ta nuna. Da yawa daga cikinmu 'yan jeka-ka-dawo ne, kuma uba manomi yana sa ran idan an tashi makaranta da rana, ɗansa mai shekara 16 ko 17 zai ci abinci ya same shi a gona, ko ya ɗaura wa shanu amalanke ya kwaso amfani. A daidai wannan lokaci ne malamin wasanni yake cewa kowane ɗan wasa ya dawo fili bayan la'asar, kullum, har faɗuwar rana. Uban da ya ce wa ɗansa "je ka" a irin wannan lokaci, ya san abin da ya bayar. Ko dai ya ɗauki ɗan ƙwadago ya biya daga aljihunsa, ko ya yi aikin mutum biyu da ƙashin bayansa. Babu rasit, babu wanda ya rubuta wannan a littafin kuɗin makaranta, amma da wannan gumi aka ciwo rabin kofunan da ke kan kabad ɗin can.

'Yan kwana kuma, waɗanda suka zo daga Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa da ƙauyukansu, nasu iyayen sun biya ta wata hanyar. Sau nawa aka ba da hutun tsakiyar zango aka ce 'yan ƙwallo da 'yan gudu su tsaya saboda gasa ta matso? Yaron da ake jira a gida sai dai a ji saƙo a bakin abokinsa cewa ba zai zo ba. Maimakon faɗa, sai ka ga ranar kasuwa an ba direba ko kwandasta ƙunshi a kawo masa: ƙuli-ƙuli, garin kwaki, yaji, ɗan sukari, wani lokaci har da soyayyen nama idan an yi suna a gidan. Ƙunshin nan kuwa ba mai shi kaɗai ke ci ba. Duk wanda ya yi zaman ɗakin kwana ya san yadda akwati ɗaya ke ciyar da mutum goma.

A nan zan daɗe kaɗan a kan iyaye mata, domin su ne ba su taɓa zuwa fili ba, su ne kuma suka fi kowa ɗawainiya. Makaranta tana da rigunan wasa saiti ɗaya, waɗanda muka gada daga yayyenmu, lambobin har sun koɗe. Bayan kowane wasa akan raba su, kowa ya kai gida. Wa ke wankewa? Wa ke ɗinke inda ya yage, ta zuba gawayi a dutsen guga ta goge, don kada ɗanta ya fita cikin jama'a a yamutse? Takalmin ƙwallo kuwa, makaranta ba ta taɓa saya mana ba. Mai tsaron gidanmu a wancan lokaci, wanda nake hango shi can yana sunkuyar da kai, mahaifiyarsa ce ta kwashi adashinta, kuɗin da ta tara daga sayar da fura, ta ba yayansa ya je ya sayo masa takalmi na gwanjo da safar hannu. Allah ya ji ƙanta. Wannan baiwar Allah har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa ganin yadda ake buga ƙwallo ba. Abin da ta sani shi ne ɗanta yana son abin, malamansa sun ce ya iya, kuma ba ta son ya tsaya a gaban 'ya'yan wasu da ƙafa ba takalmi.

Haka nan idan an ji rauni. Targaɗe ko gocewar ƙashi, malami zai shafa man zafi ya ɗaure da bandeji, ya sa a kai yaro gida a kan babur. Daga nan kuma sauran na iyaye ne. Su za su nemi mai ɗori ko su kai asibiti, su sayi magani, uwa ta kwana tana gasa ƙafa da ruwan zafi, tana jin maƙwabta na cewa ai ga irinta nan, wa ya aike shi? Bayan mako uku yaro ya miƙe, ya ɗauki takalminsa zai koma fili, ta bi shi da kallo ta ce Allah ya tsare. Ni dai ban san wani suna da za a kira wannan da shi ba in ba jarunta ba.

Tafiya wasa waje ma haka take. Daga nan zuwa Katsina kimanin kilomita 80 ne. Idan motar makaranta ta lalace, kuma takan lalace, sai a koma kan iyaye. Na tuna shekarar 2007, shekarar da aka naɗa Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, kuma shekarar da 'yan wasan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 17 suka ciwo kofin duniya a Koriya ta Kudu bayan sun doke Sifen da bugun fenariti. Zazzaɓin ƙwallo ya kama kowane yaro a garin nan. A wannan shekara mahaifin ɗaya daga cikin 'yan bayanmu, direban motar haya ne, ya ajiye lodin yini guda ya kwashe mu ya kai mu wasa ya dawo da mu, kuɗin mai kawai ya karɓa, shi ma sai da malami ya matsa masa. An ci mu a wasan. A hanyar dawowa kowa ya yi tsit, sai shi ne ya tsaya a wani ƙauye ya saya mana rake, ya ce mu sha, gobe ma rana ce.

Kada kuma a ce na zo ina yabon wasu don in kushe wasu. Akwai iyayen da suka hana 'ya'yansu wasa ƙememe, kuma ina ganin ya kamata a yi musu adalci. A wancan lokaci, har yanzu ma a wasu gidaje, idan aka ce wane ɗan ƙwallo ne, abin da ke zuwa zuciyar dattijo shi ne yaron da ba ya zuwa makarantar allo da yamma, wanda magariba ke wuce shi a fili, wanda zai faɗi jarrabawa ya dawo ya zauna a bakin titi. Tsoron nan yana da tushe, don mun ga waɗanda hakan ta faru da su. Abin da na lura shi ne, duk inda malamin wasanni ya taka da ƙafarsa ya je zaure ya gai da uba, ya yi masa alkawarin za a tashi kafin kiran salla, kuma duk wanda ya faɗi jarrabawa za a cire shi daga tim, to da wuya uban ya ƙi. Malaminmu na wasanni ya yi wannan zirga-zirga a kan kekensa unguwa-unguwa, daga cikin gari wajen Kusugu har bayan gari. Malam, Allah ya saka da alheri. Iyaye sun ba ka 'ya'yansu ne saboda ka je ka roƙa, ka kuma cika alkawari.

To, 'yan'uwa, domin mu ga cewa wannan al'amari ba a Daura kaɗai yake ba, bari in ɗauke ku zuwa wani wasa da ba mu da shi a nan, wato tseren kwale-kwale. Mu dai iyakar saninmu da shi, sai wanda ake yi a bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi, bikin da aka faro tun 1934. Amma a Ingila da Amurka wasa ne na makarantu. Jami'o'in Oxford da Cambridge sun fara karawa da juna tun 1829, kuma har yau suna yi a kan kogin Thames a Landan, tafiyar da ta kusa kilomita 7. Babban kwale-kwalen tseren yana ɗaukar matuƙa 8, da na 9 wanda ke riƙe da akala yana ba da umurni. Tsawonsa ya kusa mita 20, kuma sabo yakan ci dubban daloli masu yawa, kuɗin da makarantar sakandare ba za ta iya fitarwa ita kaɗai ba.

Wani abokin aikina da ya yi karatu a Amurka ya ba ni labarin yadda suke yi. Iyayen yara su ke kafa ƙungiya tasu ta musamman don tim ɗin makaranta. Su ke tara kuɗin sayen jirgi da gyaransa. Su ke tashi tun kafin asuba su kai yara bakin kogi, domin horon safe ake yi kafin a shiga aji. Ranar gasa wani uba zai ja tirelar da ke ɗauke da jiragen da motarsa, tafiyar sa'o'i, iyaye mata kuma su kafa rumfa a bakin ruwa su yini suna dafa abinci, duk don tseren da ba ya wuce 'yan mintoci, wanda ma ƙarshensa kawai za su gani daga inda suke tsaye. Da ya gama sai na ce masa ai wannan duk iyayenmu sun yi, da ƙarfin da bai kai nasu ba. Bambancin da na gani guda ne. Su can, a ƙarshen shekara akan shirya walima, a kira iyayen nan ɗaya bayan ɗaya a gode musu a gaban 'ya'yansu, wani lokaci har a rubuta sunan wanda ya yi fice a jikin sabon jirgi. Sun mai da taimakon iyaye tsari, yana da shugabanni da asusu da lissafi. Mu kuwa mun bar shi a matsayin sa'a: in an dace da uba mai hali da son abin, tim ta tashi, in ɗansa ya gama makaranta, ta faɗi.

Ko Nijeriya ta ci moriyar wancan tsari. Chierika Ukogu, wadda ta fara wakiltar ƙasar nan a tseren kwale-kwale a gasar Olamfik, a Rio ta ƙasar Brazil a 2016, a Amurka aka haife ta, a can ta koyi tuƙi tun tana makarantar sakandare, kuma da gudummawar jama'a ta haɗa kuɗin shirinta. A ƙwallon ƙafa kuma ga Ahmed Musa, wanda ya taso a Jos, ya yi wa Kano Pillars wasa, ya ci Ajantina ƙwallo 2 a gasar kofin duniya ta 2014, ya sake cin Iceland 2 a ta 2018. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa ce ta riƙe shi. Duk lokacin da muka yi ihu don ya jefa ƙwallo a raga, mutum nawa ne a cikinmu suka tuna da ita?

Yanzu in dawo kan abin da kwamiti ya tambaye ni. Me ya sa wasanni suka ja baya? Za a ce fili ya lalace, gaskiya ne. Za a ce yara sun koma kallon ƙwallon Turai a gidajen kallo da wayar hannu, wannan ma gaskiya ne. Amma ni a ganina babban dalili shi ne kafaɗar da ke ɗauke da kayan ta gaji. A farkon 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Bayan cire tallafi a watan Mayun wannan shekara, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Mafi ƙarancin albashi an ɗaga shi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma ni ma'aikaci ne, na san inda yake ƙarewa, balle manomi da mai sayar da fura waɗanda ba su da albashin ma. Direban da zai ajiye lodin yini guda a yau, iyalinsa ne za su kwana da yunwa. Uwar da za ta kwashi adashi ta sayi takalmin ƙwallo, kuɗin jarrabawar fita na jiran ta. Son 'ya'ya bai ragu a zukatan iyaye ba ko kaɗan. Hali ne ya ragu.

Mu kuma da aka yi wa wannan hidima, yau ina muke? A cikin ɗakin nan akwai malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya, da jami'an kwastan, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Akasarinmu mun yi aure, wasu 'ya'yansu sun kusa shiga sakandare. Wato layi ya zo kanmu ke nan. Kuma kada wani ya ce ai shi bai zama ɗan ƙwallo ba, me wasa ya tsinana masa? A cikin tim ɗinmu babu ko mutum ɗaya da ya ci abinci da ƙwallo. Amma a fili muka koyi zuwa kan lokaci, da bin umurnin kyaftin ko da ka girme shi, da yadda ake shan kaye a yi musabaha a wuce. Ni dai a ofis na fi amfani da waɗannan fiye da abubuwa da yawa da na haddace don jarrabawa.

Saboda haka, mai girma shugaba, ina gabatar wa wannan taro shawarwari, in an ga sun dace a tattauna su kafin a tashi.

Ina roƙon daga bana, a duk ranar gasar gidaje ta makaranta, a aika wa iyayen kowane ɗan wasa takardar gayyata da sunansu, a tanadar musu rumfa da kujeru, da wuri na musamman ga iyaye mata yadda za su zo cikin mutunci. Idan yaro ya ci kyauta, a kira shi tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko wanda ke riƙonsa, su karɓa tare. Wannan ba ya bukatar kuɗi sai na haya rumfa, kuma ni da 'yan ajinmu mun ɗauki nauyin ta farko.

Sannan ina ba da shawarar ƙungiya ta buɗe asusu na wasanni, dabam da asusun gine-gine, wanda zai riƙa sayen takalma da riguna, da biyan kuɗin mota, da ɗaukar nauyin maganin duk yaron da ya ji rauni yana wakiltar makaranta. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna. Bai kamata yaro ya karye a kan sunan makaranta, a bar uwarsa da sayar da akuya ba. A kwamitin da zai riƙe asusun a sa iyaye biyu, mace da namiji, waɗanda ƙungiyar iyaye da malamai za ta zaɓa, kuma a riƙa buga lissafin shiga da fita a cikin mujallarmu kowace shekara, don kowa ya ga inda sisinsa ya tafi. Mun sha ganin asusun da aka buɗe da tafi aka rufe da zargi, kuma rashin bayyana lissafi ne ke jawo haka.

Abu na ƙarshe ya shafi waɗanda suka riga suka yi. Da yawa daga cikin iyayen da na ambata sun rasu, Allah ya gafarta musu, ya sa Aljanna ce makomarsu. Amma akwai waɗanda ke raye, sun tsufa, suna nan cikin gari da ƙauyuka. Ina roƙon kowane aji ya zauna ya rubuto sunayen iyayen da suka taimaki wasanni a zamaninsa, a miƙa wa sakatare kafin ƙarshen zangon nan. Masu rai, wakilan ƙungiya su je har gida su gaishe su, da ɗan goro da turmin atamfa ko yadin shadda, a faɗa musu da baki cewa ba a manta ba. Waɗanda suka rasu kuma a ziyarci iyalansu a yi musu addu'a. Direban da na ba ku labarinsa yana nan da rai, idonsa ne kawai ya yi rauni, kuma 'yan ajinmu sun amince da gidansa za mu fara, ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar. Duk wanda ke son rakiya sai ya ga sakatare bayan taro.

 Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.